Mai Gadin Sunan Mutanen Yauco

Garin Yauco ya ba duniya abu biyu da ba za ta iya saka masa ba: kofi, da kuma Mai Girma Herb Pagan. Kofin an san shi tun zamanin kakanni. Shi kuwa Herb Pagan bara aka gano shi, a wani taro a birnin Orlando can Amurka, cikin jikin wani bawan Allah da muka yi shekara arba'in da huɗu muna kira Berto mai tsire.

Allah ya yi wa mutumin nan baiwa. Ga kwat ruwan toka da ba ya tuɓewa ko da rana na narka kwalta. Ga jakar fata mai makulli, wadda matarsa Migdalia ta taɓa buɗewa ta tarar da takardun talla da ayaba ɗaya. Ga murya, wadda a da take kiran "Da zafinsa! Da yaji ko babu?" a bakin hanyar zuwa garin Ponce, yanzu kuwa sai an gyara ta sau biyu kafin ta ce ina kwana.

Hajarsa iri biyu ce, kamfanin Garkuwar Gida ne ya ɗora masa talla. Ta farko lauya: ka riƙa ba da ɗan abin da ba a rasa ba duk wata, ranar da rigima ta same ka sai ka buga wata lamba, lauya ya ɗauka. Ta biyu gadin suna: wata na'ura a can Amurka da ba ta barci, tana zuba ido kada ɗan damfara ya ɗauki sunanka da lambarka ta gwamnati ya ci da su. Akwai ta uku wadda ba a kiranta haja, ita ce kai ma ka shigo, ka jawo danginka, su ma su jawo nasu. Berto bai taɓa zama ajin koyon shari'a ba. Kotu ma sau ɗaya ya shiga, ranar da aka tuhume shi da kafa tukuba a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Amma in tsofaffin unguwa suka kira shi Lauya, tarbiyya ba ta barinsa ya yi musu da manya.

Burinsa ɗaya ne a duniya, kuma babu wanda bai ji shi ba, har karnukan layi: muƙamin Daraktan Lu'ulu'u. Duk wanda ya tara gida hamsin a ƙarƙashinsa kafin Larabar ƙarshen wata ta wuce, ranar Asabar za a kira shi kan dandamali a babban otal a San Juan, babban birninmu, a maƙala masa lamba a ƙirji, a haska hotonsa a bango.

Sunan da aka yi masa baftisma da shi Heriberto Pagán Cintrón. A nan kowa da sunan gidan uba da na gidan uwa yake yawo, kamar yadda yake yawo da ƙafa biyu, kuma da na uwar ake bambance ɗa da ubansa in sunansu ya zo ɗaya. Berto sunan ubansa ya ci, marigayi Don Heriberto Pagán Irizarry, direban motar haya. To amma a Orlando ubangidansa a kamfani, wani Kelvin mai fararen haƙora ƙal, ya koya masa cewa dogon suna ba ya shiga kati, ba ya kuma shiga kan Bature. Sai Berto ya datse wa Heriberto wutsiya, ya share 'yar alamar da ke kan Pagán, Cintrón kuwa ya baro shi a filin jirgi.

A benen da ya ɗora a kan gidan mahaifiyarsa yake zaune. Ranar Lahadin da aka kawo katunan kasuwancinsa masu sabon suna, ya sauko cin abincin rana da takun manya.

"Mami, a sa mini albarka."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Doña Lala. "Cire rigar nan kafin ka dahu."

Ya miƙa mata kati da hannu biyu. Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta karanta gaba. Ta juya bayan, ta ga fari fat.

"Ina ni?"

"Mami, harkar ƙasa da ƙasa ce. Sunan kasuwa ne kawai. Kelvin ya ce..."

"Kelvin ɗin ne ya yi naƙudarka kwana biyu?"

Ta zuba masa shinkafa da wake da soyayyar agada. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma duk wanda ke teburin ya gani, ban da mai katin, wanda ya nemi ƙari.

Fadarsa shagon askin Chago ce, don a nan ne kaɗai mutum ba ya iya tashi ya gudu da rabin kai. Sai ya jira an ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, sannan ya buɗe jaka.

"'Yan uwa, ku dube ni da kyau. Me ɗan Adam ya mallaka a duniyar nan? Mota? Tsatsa ce. Gida? Guguwa ɗaya ta yaye rufin, kun gani da idonku. Suna, jama'a! Suna ne kaɗai za ka shiga kabari da shi, kuma yau akwai masu jira ka yi gyangyaɗi su zare maka shi kamar walat. Kai Chago, kana nan kana aski, wani Chago yana can Philadelphia yana sayen firiji da sunanka!"

"Allah ya sa ya aiko mini da shi," in ji Chago. "Nawa ya daina sanyi."

Herb Pagan ba ya jin irin wannan. Ya ɗauki sabulu ya zana da'ira a madubi, ya zana uku a ƙarƙashinta, ya zana tara a ƙarƙashin ukun.

"Berto, wannan ai dala ce," in ji na kan kujera.

"Herb," ya gyara masa. "Dala ce, amma ba ta Fir'auna ba, ta aljihu."

Da haka da haka ya sa surukansa, ya sa iyayen gidansa na baftisma, ya sa tsofaffin abokan cinikin tsirensa, wasu don kunya, wasu don ya tashi daga ƙofarsu. Ya kai gida arba'in da tara, daga nan rijiya ta ƙafe. A coci bencin da ya zauna sai ya yi fili hagu da dama. Ko gidan makoki ya shiga, masu gaisuwa sai su tuna sun bar tukunya a kan wuta.

Ranar Laraba da hantsi ya sauko wurin tsohuwa, ita kaɗai ta rage.

"Mami, gida ɗaya. Ɗaya tak! Ki sa hannu, ni zan ji da sauran. Ki yi tunani, ana iya sace miki suna kina nan kina tsince wake."

"Wa zai saci sunana?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ɗan da na haifa ma bai ga abin ɗauka a cikinsa ba."

Ta yafa gyale ta tafi taron matan coci. Ya tsaya a falonta yana zufa, hankalinsa a tashe, sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin biskit da ke saman kabad. Kowane gida a Yauco yana da irinsa, kuma babu wanda ya taɓa samun biskit a ciki. Ya sauke shi. Ga takardar haihuwar Don Heriberto, ga lambarsa ta gwamnati, lafiya lau, kamar mai su ya je kasuwa ne ya dawo.

Masu hankali irin Herb ba sa daɗewa a kan shawara. Papi ai zai so ya ga ɗansa a kan dandamali. Ya buɗe takardar kamfani a waya. Daga Amurka ta zo, gurbi ɗaya ne na sunan dangi, sai ya rubuta Heriberto, ya rubuta Pagan, ya sa adireshin gidan, wanda shi ne dai nasa. Don a san ɗan halak ne, bai zaɓa wa ubansa ƙaramin tsari ba. Ya sa masa cikakke, har da gadin suna. Kafin ƙarfe shida saƙo ya shigo: gida hamsin, barka da arziki.

Ranar Asabar ya ɗauki hayar bas ya cika ta da mutanensa, har da Chago da ya ji ance za a raba abinci. Doña Lala ta ce gwiwa na damunta. Tun daga Yauco har San Juan yana tsaye kusa da direba yana bitar jawabi: "Ni ɗan talaka ne, amma ban taɓa sayar da sunana ba." A nan zai dakata, a yi tafi.

Zaure ya cika, kiɗa na tashi, Kelvin na kan dandamali yana walƙiya da haƙora. Can sai aka rage fitilu, kiɗan ya koma na sanyi.

"Kafin mu karrama masu rai," in ji Kelvin, yana karanta takardar da aka miƙo masa, "mu tuna da wani jarumi da ya kai gida hamsin, amma kwana ya ƙare."

Bango ya haska. Ga Herb Pagan, kwat ruwan toka, babban yatsa a sama, baƙin ƙyalle a kusurwar hoto.

Abin da ba wanda ya taɓa zato, har da masu kamfanin, shi ne na'urar nan tana aiki. Ta ga Heriberto Pagan biyu a gida ɗaya, babu sunan uwa da zai raba su, sai ta haɗe su suka zama mutum guda. Ta duba lambar gwamnati ta ga mai ita ya rasu. Ta aika wa masu shirya biki cewa mamba ya cika, ta aika wa masu tsaro cewa wani na yawo da sunan mamaci. Kyan ɗa ya gaji ubansa, an ce, to Berto ya gaji nasa har mutuwar.

Ya miƙe zumbur. "Ga ni nan! Kelvin, ni ne! Ina raye!"

"Bawan Allah, zauna mana," in ji wata mata a bayansa. "Ka girmama mamaci."

Aka yi shiru na minti ɗaya, muryarsa kaɗai ake ji. Wata ma'aikaciya ta nemo Migdalia ta danƙa mata damin furanni. Shekara goma sha tara da aure ba a taɓa ba ta fure ba, ta karɓa ta rungume. Chago ya cire hula ya ce gaskiya mutumin kirki ne, tsirensa ba ƙashi.

A waje Kelvin ya dafa masa kafaɗa. "Zakarana, ni ma na yi mamaki da na gan ka. Amma ni takarda nake bi. Buga lambar, ai don irin wannan ranar muke sayar da ita."

Litinin da safe ya buga, a barandar tsohuwa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji yadda ake gyara kuskure. Wata mata mai ladabi ta ɗauka. Ta yi masa ta'aziyya tukuna, sannan ta sanar da shi cewa an ga wani yana amfani da sunan marigayin, kuma ana naɗar maganarsa.

"Ni ne Heriberto Pagan! Darakta ne ni! Haɗa ni da lauya yanzu-yanzu!"

"Lauya na mambobi ne masu rai, yallaɓai."

Ya yi tsawa, ya yi magiya, ya kawo mata jawabin shagon aski tun daga tsatsa har firiji. A ƙarshe ta ce in akwai babba a gidan da zai ba da shaida, ta yiwu a sake duba lamarin, a mayar da muƙami. Doña Lala na zaune a kujerarta. Tun Laraba ta ga an mayar da gwangwanin murfi a karkace, kuma Migdalia ta ba ta labarin San Juan har sau uku. Ya durƙusa a gabanta da kwat ɗinsa, abin da bai yi ba tun yana ɗan makaranta.

"Mami, don Allah. Kalma ɗaya."

Ta karɓi wayar.

"Baiwar Allah, kin san Heriberto Pagan?" in ji matar.

"Shekara arba'in da ɗaya ina goge masa riga, 'yar nan."

"Yana raye?"

"Shekara shida ke nan da na binne shi. Allah ya jiƙansa."

"Mami! Ni take nufi!"

Tsohuwa ta toshe bakin wayar da tafin hannu, ta dube shi ta saman tabarau. "Heriberto Pagán biyu na sani. Ɗan Irizarry ya mutu. Ɗan Cintrón kuwa tun da ya tafi Orlando bai dawo ba."

Ta yi wa matar godiya a kan ta'aziyya, ta yaba yadda suke tsare sunan mutane, ta kashe wayar ta miƙa masa. Sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta nemi takalminta.

"Tunda yau ba ka da aiki," ta ce, "ɗauko adda da bokiti ka biyo ni maƙabarta. Kabarinka ya yi ciyawa, kada mutane su ce ba ka bar baya ba."