Ɗingishin da na ara a kasuwar takalma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama gurgu da rana tsaka ba, alhali ko tuntuɓe ban yi ba.

Lokacin ban daɗe da samun lasisin tuƙi na China ba, kaina ya yi girma, har na sayi wata 'yar kwarababbiyar mota ina jin kamar ni na gina Guangzhou. Sana'ata ita ce raka 'yan kasuwarmu sayayya da haɗa musu kaya zuwa gida. A cikin kwastomomina kuwa babu kamar Hajiya Balaraba, dillaliyar takalma daga Kano. In ta zo gidana ya ci nama, in ta juya min baya sai dai taliya da manja.

Ranar mun yi da ita za mu haɗu a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, a shagon wani lawban (haka muke kiran mai shago a nan) da zan haɗa su karo na farko. Na makara. Na taho a guje, waya a hannu, ina tura mata saƙon murya cewa ga ni a bakin ƙofa, alhali ko unguwarmu ta Xiaobei ban bari ba. Saura ƙiris na kwashe wani mai babur ɗin kai abinci, ya rako ni da zagin da ko ba tafinta na gane shi.

Na shiga wurin fakin, ko'ina cike. Can kusa da lifta na hango wani fili, faffaɗa, fes, an zana keken guragu a ƙasa. Kada in yi muku ƙarya, na san na su waye. Na kuma san sai mai takardar izini a gilashi ke tsayawa a wurin. Amma shaiɗan ya ce min minti nawa ne, ni kuma ba na musu da manya.

Ina kashe mota sai ga mai gadi. Ya leƙa gilashina, ya nuna zanen ƙasa, ya ce "Meyo?", wato babu takarda? Da mutumin kirki ne, da ya ba da haƙuri ya ja motarsa. Ni sai na fito na dafe cinya, na yamutse fuska, na hau ɗingishi. (Wallahi har da ɗan nishi na ƙara, don aikin ya yi kyau.)

Ashe aikin ya yi kyau fiye da kima. Bawan Allah ya rikice don tausayi, ya ruga ya turo keken guragu na kasuwar, ya dage sai na zauna. Ya zan yi? Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa. Haka ya tura ni cikin lifta, ya ratsa da ni layin takalma, 'yan Kano da 'yan Kumasi sai sannu suke min, wani har ya fara tambayar ranar da za a zo dubiya. Ni dai na langaɓar da kai ina amsawa da ƙyar.

Hajiya na ganina ta saki salati. Na ce mata targaɗe ne. Ta tofa min addu'a, ta hau yi min faɗa don me na fito a haka, ta ce irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci a zamanin nan. Har na fara jin daɗin ciwon.

Lawban kuwa bai iso ba, abin da yaran shagonsa suka ce bai saba ba. Can sai ga shi, dattijo, ƙafa ɗaya, yana dogara sanduna biyu, riga ta jiƙe sharkaf da gumi. Yana zama ya hau bambami. Wata yarinyar shagon ta fassara mana da Turanci cewa wani marar tarbiyya ne ya tsaya a filin da ya saba ajiye motarsa, dole ya je can ƙarshen gini ya faka, ya tako da sanda. Ya zaro waya yana nuna wa kowa hoton motar.

Na fara addu'ar Allah ya sa batirin ya mutu. Bai mutu ba. Wayar ta zo hannun Hajiya, wadda jiya-jiya na ɗauko daga filin jirgi a cikin wannan motar. Ta dubi hoton, ta dubi ƙafata, ta sake duban hoton.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi."

Na ce, "Hajiya, ai targaɗen..."

"Tashi, ɗan nan. Ɗana na fari tun yana shekara uku bai taka ƙasa ba. Na san zaman mai keke, wannan ba shi ba ne."

Na miƙe tsaye cak, lafiya ƙalau, a gaban mai gadi da lawban da duk waɗanda suka yi min sannu. Wani ɗan Kumasi ya ce ma sha Allah, a ba shi lambar malamin da ya yi aikin. Kowa ya fashe da dariya ban da Hajiya. Kunyar da na ji ta fi ƙarfin faɗa, amma maganar ɗanta ce ta fi soke ni, don ban taɓa sani ba.

Na sauka na janye motar, na biya tara, na dawo na ba lawban haƙuri da ɗan guntun Sinancina. Ya sayar wa Hajiya takalmansa. Ita kuma ta ba ɗan Kumasin nan aikin kwantenarta, har yau shi ke yi mata.

Tun daga nan na daina taɓa waya a kan sitiyari, kuma ko filin nan kaɗai ya rage a garin, wucewa nake in je can nesa in tako. Allah ya ba ni ƙafafu biyu kyauta, sai da na yi asarar Hajiya na koyi amfani da su.