Rasuwar Wayar Wutar Gidan Alhaji Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Sanda na Malumfashi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayar wutar gidansa, wadda babu kamarta daga nan har Funtuwa, ba kuma za a sake irinta ba. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara arba'in da ɗaya a cikin bango.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Tun auduga na da daraja aka sa ta, don ƙwan fitila huɗu da fanka da rediyo, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Da tsufa ya kama ta ma, iyakarta ta ce "tsss" a bayan kabad, sai ɗan ƙauri.

Jinya ta fara ne lokacin da maiɗakin Alhaji, Hajiya Maijidda, ta sayar da waken suyar da ta noma, ta sayo firiza don sana'ar ƙanƙara da zoɓo, ta haɗa da injin markaɗe. Mati mai gyaran wuta ya ce kafin a ƙara soket a kicin a bari ya duba tsohuwa, don robar jikinta ta fara marmashewa.

"Kai Mati, kana goye aka sa wayar nan," in ji Alhaji. "Jona kawai."

Aka jona. Sau uku fiyus yana ƙonewa don ya ceci ranta. A na ukun Alhaji ya gano fiyus ɗin ne rago, ya cire siririyar wayar cikinsa, ya soka ƙusa. Ƙusar ba ta ƙone ba, kuma Alhaji ya roƙi jama'a su shaida wannan. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "fau!"

Firiza ta bi ta nan take. Marigayiyar ta bar soket uku sababbi fil, da silin baƙi ƙirin, da ƙusa cikin ƙoshin lafiya. Binciken da Alhaji ya gudanar shi kaɗai ya ɗora laifin kan kayan zamani da masu kwaɗayinsu.

Za a zare gawar daga bango ranar Alhamis, a miƙa wa 'yan gwangwan su auna. Alhaji zai karɓi gaisuwa a zaure. Mata kada su wahalar da kansu: Hajiya ba ta nan ranar, za ta kai tumakinta biyu kasuwa, don Mati ya ce sai ya ga sabuwar waya kafin ya taɓa komai.