Rasuwar Jagora, Injin Yankan Ciyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar Jagora, injin yankan ciyawa mai tafiya da kansa, ranar Talata da hantsi, a kan ɗan tudun da ke bayan tankin ruwa. Waɗanda zancen ya shafa su ne ni mai lambu, da Yaya, mai lambun da na gada, wanda ya riga mu gidan gaskiya, da uwar ɗakinmu mai gidan, da bakanike, da 'yata, da mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Marigayin ya yi shekara ashirin da ɗaya yana aiki, goma sha huɗu a hannun Yaya, bakwai a hannuna. Ba a tura shi, shi yake jan mutum. Tun da gwiwoyina suka gaza, jingina nake yi da shi, ya kai ni ƙarshen fili ya dawo da ni, uwar ɗakinmu tana hangowa ta taga tana zaton ƙarfina ne. Bai taɓa tona mini asiri ba.

Lambar gudu biyar gare shi. Yaya a ta biyu yake tafiya, har babban yatsansa ya cinye fentin wurin. Ni ina ta uku.

Ciwon ajali ya faro da siririn kuka daga ƙarƙashi, "tsiii, tsiii". A hannun Yaya na koyi aiki, shi kuwa in ƙarfe ya yi kuka mai yake ba shi. Na karkata injin, na ga faifan ƙarfe da 'yar tayar roba da ke gugarsa, na shafe su da mai, har na ƙara don tausayi. Kukan ya tsaya.

Daga ranar, ko a lamba nawa na sa shi, a ta biyu yake tafiya. Na tamke wayar gudu, na sake bel, na canja sifirin. In kai hannu ta biyar, inji ya yi ruri, tayoyi kuwa su yi tafiyar Yaya, har da ɗan ɗingishin nan na ƙarshen rayuwarsa. A bayan tanki kuma sai ya tsaya cik yana "dum-dum-dum", daidai inda Yaya yakan tsaya ya huta. Sau biyu na ji bakina ya ce, "Sannu, Yaya."

Bakanike ya shafa faifan, ya shinshina yatsa, ya ce, "Baba, wa ya yi masa wannan gata?" Na ce ni ne. Ya ce, "Nan wurin da bushewa yake rayuwa. Robar ce take kama faifai ta juya tayoyi. Kun sa mata santsi, ta sha mai ta kumbura, ga ta tana marmashewa. Tudu ne yake tsayar da shi, ba Yayanku ba." Na karɓi bayaninsa, domin mai sani ne. Sai dai shi bai ga tafiyar ba. Ya zaga kasuwa kwana uku, ya tarar an daina yin irin tayar.

Uwar ɗakinmu ta kawo sabo, irin wanda ake turawa, ta ce, "Baba, za ka iya?" Na tura shi taku goma sha biyu a gabanta, na kasa ƙara ko ɗaya. 'Yata, da ta kawo mini abinci, ta ce, "Baba, ya isa haka." Na saki injin.

Marigayin ya bar almakashin shinge, da manjagara, da rabin galan na fetur, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe tara na safe, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai iso da kurarsa. Ni zan tura gawar da hannuna daga rumfar kaya har bakin ƙofa, komai daɗewar da zan yi, kuma ina roƙon kada kowa ya kama mini. A ƙofar zan miƙa makullin rumfa, in ajiye aiki, ni da marigayin mu fita tare.

Sai da furfura ta fito na koyi rubutu. Duk wanda ya ga kuskure, don Allah ya gyara mini. Amma kalmar "marigayi", wadda 'yata ta ce ba a faɗa wa inji, a bar mini ita yadda take.