Kaka a Bangon Gidan Abinci

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Kai kuma wane gidan aljanu ne ka kawo ni?"

Amsar da Kaka ta ba jikanta ke nan tun daga bakin ƙofa. Jikan, wanda take kira Tsolo saboda ramarsa, shi aka ba aikin ƙawata wani katafaren gidan abinci irin na tsohuwar Masar: ginshiƙai masu kan furen bado, kujeru masu ƙafar zaki, rufi shuɗi da taurari ruwan zinare. Sai dai ya tafka karambani. Sarauniyar da ya zana a babban bango, fuskar Kaka ce sak, kuma bai tambaye ta ba. Mahaifiyarsa ta ce in tsohuwa ba ta yarda ba, a shafe. Wata biyu ya yi a kan bangon nan, saura kwana uku a buɗe gida. Ga bokitin fenti a gefe yana jira.

"Zauna mana, amaryata," in ji shi.

"A kan kujera mai farata? Ta cije ni, ka ci gadona?"

"Wane gado? Buta da tsohuwar rediyo?"

"Sun fi ka auki. Waɗannan mutanen bango fa, duk sun juya gefe, gaba suke yi da juna?"

"Haka ake zane a zamanin da, Kaka. Ai ke shaida ce, a gabanki aka yi."

"Ungo naka, marar kunya!"

Ta dogara sanda ta matsa kusa da bangon. Sai ta tsaya cak.

"Tsolo! Wannan hancin na san shi."

"A ina?"

"A fuskata, ja'iri! Ni ka mayar matar Fir'auna?"

"Ai matar Fir'auna mutuniyar kirki ce. Mijin ne matsala, mijin kuwa ni ne."

"Karambanin akuya, gai da kura. Mutane na cin abinci ina tsaye ina kallonsu kamar mayunwaciya? Kuma hancin ya yi tsawo."

"Ragewa ma na yi, bangon ne bai isa ba. Ido ba mudu ba, amma ya san kima."

"Shafe shi! Yanzun nan."

Tsolo ya sunkuya ya ɗauki buroshi, wasan ya fita daga fuskarsa. Har ya tsoma a bokiti, Kaka ta tare hannunsa da sanda.

"Dakata. Wannan na kusa da ita fa, mai ƙaramin yatsa a lanƙwashe?"

Marigayi mijinta ne, kafinta, wanda guduma ta taɓa karya wa yatsa. Hotonsa ɗaya tak suke da shi, shi ma ruwa ya lalata shi tuntuni. Da ka Tsolo ya zana shi.

"Abokin takarata ne," in ji shi a hankali. "Na ga ya fi ni dacewa da wurin, na bar masa."

Kaka ta daɗe tana kallo. Kewar mutumin nan ta taso mata, ba ta kuma ɓoye ba, ta share ido da bakin mayafi.

"Kunnensa bai kai haka girma ba," ta ce. Ta sake dubawa, dariya ta ƙwace mata. "A'a, wallahi ya kai."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa alewa guda.

"Ungo ladanka. Kwashe bokitin nan kafin wani ya yi tuntuɓe. Hancin ma a bar shi, a haka ya gan shi ya ce yana so."

Ta ja kujerar da ke jikin bangon, ta zauna daram.

"Kaka, ba kin ce za ta cije ki ba?"

"Ta cija. Shekara goma sha biyu rabona da in zauna kusa da shi."