Sandar Kaka Ta Zaɓi Makaranta

Jawo kujera ka zauna, labarin nan ba na jin tsaye ba ne. Maƙwabcina injiniya ne, aiki ya kawo shi ƙasar da ba tasa ba, shi da matarsa da 'yarsu mai shekara shida. Tun da suka zo yarinyar ta kulle bakinta. A gida surutu kamar rediyo, a waje ko sunanta ba ta faɗa. Ana haka kakarsa ta zo a duba mata ido, ta sauka wurinsu, suka zaga makarantu uku na 'ya'yan baƙi tare.

Ranar da na shiga aron dutsen guga ita ce ranar ƙarshe ta miƙa takardar shiga, kafin ƙarfe huɗu. Na same shi a tebur da takardu uku a shimfiɗe, Kaka tana kan doguwar kujera da kofin shayi.

"Lafiya lau, maƙwabciya, sai gajiyar rakiyar mijin nan nawa," in ji Kaka. "Dube shi. Gadoji yake ginawa, amma biro ya fi ƙarfinsa."

"Kada ki saurari tsohuwar nan," ya ce. "Na gama zaɓe. Ta farko. Wurin ninkaya, ɗakin kwamfuta, harsuna uku."

"Harsuna uku! Yarinyar da ko ɗaya ba ta fitarwa a waje? Sai ta yi musu shiru da harsuna uku ke nan."

"Ke me kika sani a harkar makaranta? Lokacin da aka haife ki ko alli ba a ƙirƙiro ba."

"Ni na kai ubanka makaranta, ni na kai ka. Kai ranar farko sai da mutum biyu suka ɓamɓare ka daga zanena. Ƙaton kai, 'yan ƙafafu, majina har haɓa."

"Shi ya sa kika liƙe mini har yau. Sau nawa na sake ki kika ƙi tafiya?"

"In na tafi wa zai kwashe ka? Haƙuri nake, saboda babu kyau a bar mara lafiya."

Ya juyo wurina. "Maƙwabciya, ki yi mana shari'a. Makaranta uku, mantuwa uku. Duk inda muka shiga sai ta baro sandarta. Ni da ake gani da mutunci na koma ɗan aiken sanda."

"Faɗa mata yadda ka karɓo ta. Fara da mai wurin ninkayar."

"Cikin tsari! Takarda suka ba ni na cika: launin sanda, tsawonta, inda aka gan ta ƙarshe. Bayan kwana biyu aka kira ni."

"Kwana biyu ina bin bango kamar ƙadangare. Ranar da yarinyar ta maƙale a lungu tana kuka, sai ka tafi da bironka: launinta, tsawonta, inda aka gan ta ƙarshe."

"Kaka!"

"Ta biyu fa?"

Ya sosa ƙeya. "Mai gadi ya tokare ƙofa da ita. Iska ake yi."

"Ka ji. Wurin da sandar tsohuwa ta zama matokari, yarinya mai shiru me za ta zama? Maratayin jaka?"

Na yi dariya har na kusa yar da dutsen gugar. Shi kuwa ya ɗaure fuska.

"Kada ki ce mini ta ukun. Filin wasansu bai kai falon nan ba. Lilo ɗaya, shi ma yana kuka kamar gwiwarki."

"Gwiwata ta goya ka, mara kunya. Wa ya kawo sandar a can?"

"Malamar ajin. Ta biyo mu wurin mota. To sai me?"

"Wa ta ba?"

"Ke mana."

"Ka gani? Waya kake yi, kana wa wasu tsawa kan siminti. Ba ni ta ba ba. Durƙusawa ta yi gaban yarinyar, ta tambaye ta ko sandar ta wa ce. Yarinya ta yi shiru. Malama ba ta tashi ba, ba ta dubi agogo ba, ba ta ce 'kunya take ji' ba. Jira ta yi, har ni na gaji da tsayuwa."

"Sai me?"

"Kira ta ka tambaya. Ni tsohuwa ce, mantuwa gare ni."

Ya ƙwala kira, yarinyar ta fito daga ɗaki da fensir a hannu.

"Mama ƙarama, me kika ce wa malamar nan mai lilo?"

"Na ce ta Kaka ce. Sai ta ce yaya ake cewa sanda da Hausa, na koya mata. Ba ta iya ba, Baba, sau uku ina gyara mata." Ta yi dariya ta koma.

Injiniya ya dubi takardar mai hoton ruwa shuɗi, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ture ta gefe.

"Wato da gangan kika riƙa baro sandar?"

"Kai shugabanni suka zaunar a ofis mai sanyi suna zuba maka bayani. Ni da ba na jin yarensu, da me zan yi tambaya?"

Ya fashe da dariya, ya jawo takarda ta uku ya sa hannu. "Kin ci, tsohuwa. Na mayar da ke ɗakinki. Kuma a hanya zan sayo miki igiya mai kyau, in ɗaure sandar nan a wuyan hannunki."

"Na gode, maigida. In ka miƙa takardar, ka biya makarantar farko. Tabarauna suna can."

Ya tsaya da makullin mota a hannu. "Wannan ma gwaji ne?"

Kaka ta kurɓi shayinta. "Ka tafi da biro."

Har yau shi yana rantsuwa dabara ce, matarsa kuma ta ce wallahi sau biyu ta tsinci sandar nan a bayan firji. To kai da ka ji labarin, me ka gani: gwaji Kaka take yi, ko mantuwarta ce ta zo da sa'a?