Rasuwar Hoton da Ya Tara ’Ya’yan Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, mai hoto, autan gida, ke sanar da ’yan’uwa da abokan arziki rasuwar babban hoton falon Inna, mahaifiyarsu, wanda ya faɗo daga bango ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya.

Ba a zama ɗaya aka ɗauki marigayin ba. Tun rabon gadon Baba ’ya’yan Inna ba sa ga maciji da juna. Sai Auta ya rataya kyamara ya bi su ɗaya bayan ɗaya: Yaya Babba a garejinsa, Malama a ƙofar ajinta, Direba ta tagar motarsa. Ya yanka hotunansu da almakashi, ya liƙa da gam, ya zaunar da su kewaye da tsohuwa. Shi ya sa inuwar wani ta yi gabas ta wani ta yi yamma, ana ganin kujerar Inna ta gaba da ta gefe lokaci guda, hannun Yaya Babba kuma yana dafe da kafaɗar Direba, ƙanen da ya maka a kotu.

Marigayin mai rufin asiri ne. Bai taɓa faɗa wa baƙo gaskiyar gidan ba. Ba a san muryarsa ba sai ɗan ƙas-ƙas na firam idan an bugo ƙofa. A gabansa Inna ke jan kujera ta ci abinci.

Yoyon rufi ne ajalinsa. Danshi ya shiga bayan gilashi, gam ya saki, Malama ta fara zamewa daga jikin ’yan’uwanta. Auta ya yi ta jinya da salatif, ciwo na ci gaba, har igiyar da ke rataye da shi ta ruɓe. Maganarsa ta ƙarshe ita ce tas!

Ya rasu ya bar ƙusa, da farin tabo a bango, da guntayen fuskoki a kwali, da Inna, wadda tun ranar ba ta cin na kirki, sai kallon bango. Auta ya ɗauko gam zai sake wani, ta riƙe masa hannu.

Za a yi jana’iza ranar Asabar da yamma a falon. Kowa ya zo da ƙafarsa ya karɓi fuskarsa, ba za a ba ɗan aike ba. Har yanzu babu wanda ya ɗaga wayar Auta, amma Inna ta sa an wanke kofuna.