Ruwan da Ya Ƙi Kaiwa Ɗari

"Sannu da hutawa, Tayata, tun da dai ita kaɗai ce sana'arka."

"Yawwa, ɓarauniyar rana. Yau kuma me kika zo ɗauka?"

Toktosun bai ɗago daga bakin murhu ba. Akmaral ce, ɗiyar 'yarsa, 'yar aji huɗu, mai kiransa Tayata, wato kaka na wajen uwa, kuma a Murgab, garinsu na can kan tsauni, kowa ya san jika ta wajen mace ba ta fita gidan kakanta hannu rabbana. Sai dai yau ita ce ta zo da kaya: ma'aunin zafi na gilashi, naɗe cikin gyale. Shi kaɗai ne a makarantarsu, ana ba yara aro bi da bi. Aikin da aka ba ta shi ne ta auna zafin ruwa in ya tafasa, gobe ta karanta lambar a gaban aji, ta mayar da abin lafiya.

"Littafi ya ce ruwa na tafasa a ɗari," in ji ta. "Sau uku na auna a gidanmu, tamanin da takwas yake tsayawa. Malama Gulbara za ta ce na lalata shi."

"Ko kuma ƙirga ne ba ki iya ba. Gadon gidan ubanki ne. Kakanki na can ƙafafun tumaki yake ƙirgawa, sannan ya nemi mai raba masa da huɗu."

"Shi dai yana da abin ƙirgawa. Kai fa? Haƙoranka ana farawa an gama."

Tsoho ya ji wannan, ya ajiye ta don gaba. Ya ga idonta ya yi ja, abin da ba ya son gani, don haka ya ƙara ɗaure fuska.

"Wutar gidanku ce malalaciya, kamar masu gidan. Kawo nan. Wutata ta taɓa narkar da takalmin doki, dokin na ciki."

"Faɗe-faɗe dai ba yi ba ne."

Ya cika buta, ya tura busasshen kashin shanu a murhu, ya durƙusa yana hurawa. Ruwa ya tafasa. Akmaral ta tsoma ma'aunin a hankali, suka haɗa kai suna kallon jan layin yana hawa. Ya wuce saba'in, ya wuce tamanin, ya kai tamanin da takwas, ya zauna abinsa.

"Ina dokin, Tayata?"

"Numfashi yake mayarwa. Ke ma haka kike a hawan tudu."

Ya ƙara makamashi. Ya sake ƙarawa. Murhu ya yi ja, ɗaki ya yi zafi har ya tuɓe hularsa, abin da bai yi ba ko a daren aurensa. Murfin buta yana ta rawa. Makamashin kwana uku ya tafi, jan layin bai ga dalilin motsawa ba.

"Gemunka ne ya kusa kaiwa ɗari," in ji Akmaral. Ta buɗe littafin rubutunta. "Ni ɗari zan rubuta kawai. Wa zai sani?"

"Butar ta sani. Ni ma na sani, kuma bakina ba shi da ƙofa, kin ce da kanki."

"To in ce me? In ce littafi ƙarya yake yi?"

Toktosun ya zuba shayi a kwano ya kurɓa nan take, kamar yadda ya saba shekara saba'in. Sai ya tsaya da kwanon a hannu. Ruwa ba ya tsami banza.

"Dakata. Shekarar da na sauka birnin Osh, can ƙasan tsauni, kai tumaki, haka na yi wa shayinsu, ya ƙona ni. Kwana biyu harshena yana saɓa."

"Kwana biyu ka yi shiru? Mutanen Osh sun more."

"Saurara, uwar tsiwa. A can wake kan nuna kafin a gama hira. A nan kakarki ta taɓa ɗora shi da asuba, da la'asar muka ba yara suna harbin tsuntsu da shi. Ruwan kan dutse gaggawa gare shi, tun bai yi zafi sosai ba yake tafasa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya..."

"Wace bishiya? Garin nan ka taɓa ganin bishiya?"

Amma ta riga ta jawo littafin kimiyya. Ta bi shafin da yatsa har ƙasa, inda aka yi wani ƙaramin rubutu da ba ta taɓa kulawa da shi ba. Ta karanta da ƙarfi: ɗari ɗin na masu zama daidai da bakin teku ne, in an hau sama lambar raguwa take yi.

"Teku!" in ji Toktosun. "Ashe don kifaye aka rubuta littafin."

"Ke nan ban lalata shi ba."

"Ba ki lalata ba."

"Kuma na iya ƙirga."

"Wannan sai an bincika."

"Kuma wutarka ba ta fi tamu ba."

Ya dubi tokar makamashinsa, ya dubi yarinyar, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Na yarda, kin kayar da ni. Rubuta tamanin da takwas, ki sa a ƙasa: a Murgab, a gaban shaida." Ya sauke butar, ya zubar da ragowar ruwan, ya miƙa mata. "Ungo, tafi da ita gobe. Duk wanda ya musa, ki ce ga buta, ya kawo nasa makamashin."